Yadda Mai Jinya a Gida Za Ta Sa Wayarta Ta Ɗauke Mata Rabin Kaya

Duk wanda ya shigo dubiya, "Ya mai jiki?" yake cewa. Ya ajiye ledar lemo da ayaba, ya yi addu'a, ya tashi. Da wuya a samu wanda zai juyo ya dubi wadda ke zaune a gefen katifa ya tambaye ta ko ta runtsa jiya. Na yi sama da shekara biyu a wannan gefen katifar, bayan Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga suga ga hawan jini. Ɗagawa da wanka da canjin famfas duk jiki ya saba da su a hankali. Abin da ya kusa kai ni ƙasa shi ne riƙe komai a ka: wace ƙwaya aka sha, saura nawa a kwali, yaushe ne ganin likita, wa ya turo kuɗi, wa ya ce zai zo bai zo ba. Wannan kayan na cikin kai shi ne waya za ta iya ɗauka, in an tsara ta. Zan yi magana da "ke", don a yawancin gidajenmu 'ya mace ko matar ɗa ce ke kwana da majinyaci, amma namijin da ke jinyar mahaifinsa shi ma da shi nake.

Mataki na farko: kafin ki sauke komai, ɗauko takarda

Tattaro duk magungunan da ke gidan ki zube su a kan tabarma, har waɗanda ke cikin jakar Makka da ƙarƙashin filo. Ga kowanne ki rubuta sunansa kamar yadda yake a kwali, ƙarfinsa, wato lambar da ke tare da "mg", sau nawa ake sha, da ko kafin abinci ne ko bayansa. Ki lura sosai da ƙarfin, domin amlodipine na 5 da na 10 suna ɗaya ne, kwalin ma kan yi kama, amma ɗaya ninkin ɗaya ne.

Rubutun likitoci yana da gajerun haruffa da ya kamata ki haddace. "od" sau ɗaya a rana, "bd" sau biyu, "tds" sau uku, "qds" sau huɗu, "nocte" kuma da dare kafin barci. In rubutun ya gagare ki, kada ki yi cinta. Ki kai wa mai ba da magani a asibiti ya karanta miki, ki maimaita a gabansa. Daga nan ki ɗauki hoton takardar likita, da gaban kowane kwali, da katin asibiti inda lambar fayil take, ki tara su a kundin hotuna guda mai suna "Jinya". Ranar da kati ya ɓace a layin karɓar fayil za ki gode wa wannan hoton.

Mataki na biyu: manhajar tunin magani, guda ɗaya tak

Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Na taɓa sauke manhajoji huɗu lokaci guda, kowace tana kuka a nata lokacin, ƙarshenta na daina sauraron ko ɗaya. Zaɓi guda.

Ga biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara. MyTherapy, wadda wani kamfani na birnin Munik a Jamus ya ƙera, tana tuna miki magani, tana karɓar awon jini da na suga, tana kuma haɗa rahoton da za ki nuna wa likita. Medisafe kuma tana da wata dabara mai kyau ga gidan da ke da mutane da yawa: kina iya sa lambar wani ɗan'uwa, in lokacin magani ya wuce ba a danna an sha ba, sai saƙo ya je masa. Ki duba sharuɗɗan biyan kuɗi kafin ki ɓata lokacin shigar da magunguna goma, don kamfanoni kan canja abin da ke kyauta da abin da ba kyauta ba. Da Turanci za ki yi aiki da su, amma kalmomin da za ki riƙa gani kullum ba su wuce biyar ba.

Shigarwar ba wuya. Ki danna alamar ƙari, ki rubuta sunan maganin daga takardarki, ki sa ƙarfinsa, ki zaɓi lokuta, sannan ki rubuta adadin ƙwayoyin da ke hannu. Wannan na ƙarshen mutane ke tsallakewa, alhali shi ne mai amfani. Ki sa ta faɗakar da ke in saura na kwana bakwai. Kwana bakwai ya isa a nemo kuɗi, a aika kemis, in babu a can a tafi wani. Ni a kwana biyu na fara sa nawa, sai ga shi maganin jini ya ƙare ranar Juma'a da yamma, aljihu kuma babu ko sisi.

Wajen zaɓen lokuta, ki jingina su da abin da gidan ya riga ya saba. Maganin sau uku da ake so a raba shi awa takwas-takwas yana zama daidai a 5:30 bayan Asuba, 1:30 wajen Azahar, da 9:30 na dare. Na sau biyu, 7 na safe da 7 na yamma. Na suga kuwa da abinci yake tafiya, don haka lokacin karyawa da na tuwon dare za ki bi, yadda likita ya tsara. In azumi ya gabato, ki tayar da maganar a asibiti tun wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan. Kada ki matsar da lokutan magani zuwa sahur da buɗa-baki da ra'ayin kanki, musamman ga mai shan maganin suga ko mai allurar insulin.

Doka ɗaya nake so ki riƙe: ba a danna "an sha" sai ƙwaya ta wuce maƙogwaro. Tsofaffi sun iya ɓoye magani a kumatu su tofar bayan kin juya baya. In kuma an manta wani lokaci, ba a ninka na gaba don ramuwa.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Infinix da itel, suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Sai ki ga tuni ya yi kwana biyu yana zuwa, a na uku ya yi shiru. Ki shiga saitin waya, ki nemo manhajar a jerin manhajoji, ki buɗe sashen batir, ki cire mata duk wani takunkumi. Ki ba ta izinin tashi da kanta in an kunna waya, wanda a irin waɗannan wayoyi sau da yawa yana cikin manhajar Phone Master. Sannan ki gwada: sa tunin ƙarya na minti goma masu zuwa, ki kulle wayar ki ajiye. In ta yi kuka, to. In ba ta yi ba, ki koma ga ƙararrawar agogon waya, ki raɗa wa kowace suna, "maganin jini", "juya Inna". Wannan ba ta cin data, ba ta neman intanet, kuma ko a 'yar ƙaramar waya mai madannai akwai ta. Ga majinyacin da ba ya iya motsi da kansa, ƙararrawar juyi duk awa biyu ita ce ke tsakaninsa da gyambon kwanciya a ƙugu da dunduniya.

Mataki na uku: awo, da ƙaryar da ake sayarwa

Waya ba ta auna hawan jini. Na faɗa da ƙarfi ne saboda na ga dattawa suna ɗora yatsa a kan kyamara suna karanta lamba suna hamdala. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wata irin wannan manhaja da aka saya sosai, suka tarar tana gaya wa kusan huɗu cikin biyar na masu hawan jini cewa lafiyarsu ƙalau. A watan Fabrairun 2024 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan agogon hannu da zobba masu iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Ki sayi na'urar awon jini ta damtse da na'urar suga mai tsinke. Aikin waya shi ne ajiye lambobin.

A zaunar da majinyaci minti biyar kafin awo, baya a jingine, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba goro ba kofi a rabin awar da ta wuce. Ki auna a lokaci guda kullum, ki shigar nan take tare da ɗan bayani in akwai, kamar "bai yi barci ba" ko "ta ƙi cin abinci". A asibiti ana lissafa 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini, amma likitanku ne zai faɗi lambar da yake so ga naku majinyacin. In kin ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko ruɗewa, ba zancen rubutawa ba ne, asibiti za a nufa.

Na'urorin suga iri biyu ne, wata tana ba da lamba kamar 126, wata kamar 7.0. Duka abu ɗaya suke faɗa, ki ninka ƙaramar da 18 ki samu babbar. Ki saita manhajar da irin ma'aunin na'urarki. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi: zufa, karkarwa, surutai. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Ranar asibiti, likitan da ke da layin mutum hamsin a waje ba zai saurari dogon labari ba. Miƙa masa waya da awon wata guda a jere ya fi "wani lokacin yana hawa, wani lokacin yana sauka".

Mataki na huɗu: zauren 'yan'uwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne rigimar take. Akwai shafuka irin su CaringBridge, da aka kafa a Amurka tun 1997 don sanar da dangi halin mara lafiya, amma a wurinmu ba wanda zai buɗe sabon asusu saboda haka. Kowa na WhatsApp, sai a yi amfani da abin da ke hannu.

Kada ki yi aikin jinya a babban zauren dangi, inda ake turo gaisuwar Juma'a da katin biki. Ki buɗe ƙarami, na waɗanda nauyin ya rataya a wuyansu kawai: 'ya'ya, da duk wanda ke kwana ko ke biyan kuɗi. Mutum biyar zuwa takwas ya isa. Ki kashe saitin da ke goge saƙo da kansa. A bayanin zaure ki rubuta ƙa'ida a fili, cewa nan maganar jinya kawai ake yi. WhatsApp yana barin a maƙale saƙo har uku a sama, na kwana ɗaya ko bakwai ko talatin. Ki maƙale jerin magunguna, da jadawalin mako, da lambar asusun kuɗi, ki riƙa sabuntawa in wa'adin ya cika.

Kowane dare ki turo saƙon murya ɗaya, kada ya wuce minti guda: abin da ta ci, awon yau, barci, bayan gida, abin da ke neman ƙarewa. Wanda ya kira da rana yana son labari, ki ce masa ya saurari na dare. Kafin na fara haka, sai in ba da labari ɗaya sau shida a yini, Yaya daga Abuja, ƙanina daga Maraɗi, ƙanwar Inna daga Zariya, kowa kuma da nasa ƙarin tambayar. Wata rana ina kan waya da ɗayansu kunu ya ƙone, Inna kuma tana kirana ban ji ba.

Sai batun neman taimako. "Don Allah a riƙa taimakawa" ba ya kawo kowa, kowa zai ɗauka da wani ake. Ki faɗi aikin, da ranar, da awar. "Ranar Talata akwai gashin ƙashi ƙarfe 10, ana bukatar mota da namiji ɗaya mai ɗagawa." "Daren Asabar ina so in kwana a ɗakina, wa zai karɓe ni daga Isha zuwa Asuba?" Ki yi amfani da ƙuri'ar da ke cikin zaure, ki jera ranakun mako, kowa ya danna tasa. Sunan wanda bai danna ba a bayyane yake, ba sai kin yi gori ba. Ɗan'uwan da ke nesa ma yana da aikin da zai iya: biyan data da kuɗin magani, kiran asibiti, ko kiran bidiyo na rabin awa da Inna bayan La'asar, ke kuma ki samu ki yi wanka a natse.

Na san akwai kunya. An tashe mu a kan cewa hidimar iyaye lada ce, mai ƙorafi kuma kamar tana zubar da ladanta. Amma ladan nan ai ba naki ke kaɗai ba ne, ki bar 'yan'uwanki su samu rabonsu. Haka na faɗa wa Yaya, ya yi dariya, ya ɗauki daren Asabar.

Abu biyu ki hana a zauren. Na ɗaya, hoton majinyaci a halin da shi da kansa ba zai so a gan shi ba. Hoton gyambo na likita ne, a tura masa kai tsaye, a goge. Abin da ya shiga waya takwas ya fita daga hannunki. Na biyu, saƙonnin "an ce ganyen kaza yana warkar da suga cikin kwana bakwai". Za su zo, daga mutanen da ke ƙaunarku ma. Amsarki ɗaya ce, za a tambayi likita, kuma ba a dakatar da maganin asibiti kafin nan.

Mataki na biyar: kuɗi

Jinya ta raba 'yan'uwa da yawa, kuma galibi a kan lissafi ne. Ki ware asusu guda na jinya kawai, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, kada ya haɗu da kuɗin cefanenki. Duk abin da aka saya, ki ɗauki hoton rasit ki tura zaure a lokacin. A Google Keep ko duk wata manhajar rubutu ki buɗe shafi ɗaya: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ƙarshen wata ki turo jimla ko ba wanda ya tambaya. In kwalin magani yana da wurin kankarewa, ki kankare ki tura lambar ta saƙon tes zuwa lambar da ke jiki, tsarin da hukumar NAFDAC ta fara tun 2010 don gane jabu.

Mataki na shida: shirin tsakar dare

A saitin waya akwai sashen bayanan gaggawa, wanda ake iya gani ko waya na kulle. Ki cika na wayar majinyaci da taki: cututtuka, magungunan da jiki ba ya karɓa, rukunin jini, lambobin mutum biyu. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya 112 ce, a Nijar kuma 15 ce ta motar asibiti. Duk da haka ki ajiye lambar maƙwabci mai mota da ta wani mai adaidaita da kuka yi magana da shi tun da rana tsaka cewa za a iya tashinsa. Ki sa musu tauraro a jerin lambobi. In kin ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ki dubi agogo ki riƙe lokacin, domin maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa yana da iyakar kusan awa huɗu da rabi, kuma tambayar farko da za a yi miki a asibiti ke nan.

Mataki na bakwai: ke kanki

A kalandar waya, inda kika sa ranakun asibiti, ki sa naki lokacin da irin wannan muhimmanci. Awa biyu ranar Alhamis, gidan ƙawa ko islamiyya ko barci kawai. Ki sanar a zaure kamar yadda kike sanar da gashin ƙashi. Da dare ki kunna saitin hana damuwa, mai alamar jinjirin wata a wayoyi da yawa. Ƙararrawar magani za ta yi kuka, lambobin da kika sa wa tauraro za su shigo in kin ba su izini a saitin, sauran duniya ta jira safiya. Kuma in kin samu awa uku na barci, kada ki ba TikTok ɗaya daga ciki. Ni na sha yi, ina cewa hutawa nake, in tashi ido ya yi ja.

Ki buɗe wa kanki shafi a manhajar nan ta magani. Ki auna naki jinin sau ɗaya a mako tunda na'urar na gida, ki rubuta awa nawa kika yi barci. Jiki magayi ne, amma mai jinya ta ƙware wajen toshe kunne. Lambobin mako huɗu a jere su suka nuna min cewa ban taɓa haura awa huɗu ba, su na tura zaure, ban ƙara ko kalma ba.

In naki majinyacin gigin tsufa ne ke damunsa, yana mantuwa, yana zargin an sace masa kaya, yana fita da dare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani shiri a 2019 mai suna iSupport domin masu irin wannan jinya. Kyauta ne, ana sauke littafinsa a waya, kashi biyar ne, ɗaya daga ciki kacokan a kan kula da kai yake. Karatun Alƙur'ani a kunne, ko zikiri, ko minti biyar na jan numfashi a hankali a bayan ɗaki, duk suna sauke zuciya. Amma in kin yi mako biyu ba kya jin daɗin komai, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, ko kin fara jin kina son dukan wanda kike jinya, ko tunanin cutar da kanki, wannan ya wuce aikin manhaja. Ki faɗa wa likitan da ke duba majinyacinki a zuwa na gaba, ko ki je da kanki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne.

Mataki na takwas: ranar da waya ta mutu

Za ta mutu. Wuta za ta yi kwana uku ba ta zo ba, ko ta faɗa bokitin wanki, ko a zare ta a layin asibiti. Ki kunna ajiyar WhatsApp da ta hotuna a asusunki na Google, ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki ba mutum ɗaya da kika yarda da shi. Ki ware fawa-banki guda da ba a cajin wayar yara da shi. Jerin magungunan nan na mataki na farko kuma ki sake rubuta shi da manyan haruffa a kwali, da lokuta da lambobin gaggawa a ƙasa, ki manna a bango saitin kan gado. Duk ranar da likita ya canja magani, kafin ki cire mayafi ki gyara wuri uku: manhaja, saƙon da ke maƙale a zaure, da kwalin bango, ki rubuta kwanan wata a kusurwarsa don mai karɓar ki daren Asabar ya san wanne ne sabo.